Agogo, zobe ko madauri: wanne ya dace da mai son bibiyar damuwarsa da barcinsa?

Makon jiya ƙanwata ta turo min saƙon murya da misalin ƙarfe ɗaya na dare. Malamar makaranta ce mai yara uku, ga kuma 'yar sana'ar kayan kicin da take yi ta WhatsApp. Ta ce, "Yaya, wallahi kwanakin nan barci ya ƙaurace min, abu kaɗan sai raina ya ɓaci, yaran ma na fara yi musu tsawa babu dalili. Na ga ana tallan wani zobe wai yana gane in mutum yana cikin damuwa. Shi zan saya, ko agogo irin naka?"

Ban ba ta amsa a daren ba, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya ɗaya. Shekara biyu ke nan ina kwana ina tashi da irin wannan agogo a hannuna, kuma na daɗe ina bin yadda sauran na'urorin suke aiki. Abin da na gaya mata daga baya shi ne na faɗaɗa a nan, saboda na san ba ita kaɗai ke shirin zuba kuɗin da ta sha wahalar tarawa a kan wannan abu ba.

Wace zuciyar na'urar take ji?

A Hausa kalma ɗaya muke da ita ga abu biyu. Zuciya ita ce tsokar da ke harba jini a ƙirji. Zuciya kuma ita ce wadda take yin fari, take yin baƙi, take karyewa, take tafasa. Masu talla suna so ka ɗauka na'urarsu tana jin ta biyun, alhali ta farkon kaɗai take iya ji.

Juya bayan agogon za ka ga wani koren haske yana ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske, don haka duk lokacin da zuciya ta buga, jini ya cika ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata, hasken da ke dawowa ga agogon sai ya ragu. Da wannan yake ƙirga bugu. Sannan yana auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, wadda ba ta taɓa zama daidai. Idan mutum yana cikin natsuwa, zuciyarsa tana ɗan ƙara sauri in ya ja numfashi, ta ɗan lafa in ya sake shi, tazarar tana ta sassaɓawa. Idan jiki ya shiga shirin ko-ta-kwana kuwa, sai bugun ya daidaita kamar takun sojoji a fareti. Wannan sassaɓawar ita ce za ka ga an rubuta HRV a manhaja, kuma daga gare ta ake ciro yawancin makin "damuwa" da agoguna ke nunawa.

Wasu na'urorin suna ƙarawa da gumi. Jijiyoyin da ke zaburar da jiki su ne ke ba da umarnin fitar da gumi, gumi kuwa ruwan gishiri ne, yana sa fata ta fi saurin wucar da lantarki. Sai na'urar ta tura wani ɗan lantarki da ba a ko jin sa, ta ga yadda ya wuce. Wannan ma'aunin yana cikin abubuwan da na'urar gano ƙarya take amfani da su, kuma ilimi ne na gaske: a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani agogo mai suna Embrace na kamfanin Empatica, wanda ke haɗa gumi da motsi don ankarar da iyali in mai farfaɗiya ya faɗi. Sauran ma'aunai biyu su ne ɗumin fata da motsin hannu.

Duk huɗun nan tambaya ɗaya suke amsawa: jikin ya zabura ne ko ya lafa? Abin da ya zaburar da shi kuwa, ba su da labari.

Na ga wannan da idona. Ranar sunan 'yata, ina tsaye a ƙofar gida ana ta rabon goro da dabino, abokai suna ta rungume ni, ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba. Da na duba agogon da rana, makin damuwata ya haura 80 cikin 100, har ya yi ta girgiza yana ba ni shawarar in zauna in ja numfashi. Bayan wata huɗu kawuna ya rasu, wanda a hannunsa na tashi. Na yini a kan tabarmar karɓar gaisuwa, kaina a sunkuye, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Agogon ya rubuta cewa na samu yini mai cike da hutu, don ban motsa ba, bugun zuciyata kuma bai tashi ba.

Masu bincike ma sun ci karo da haka. A Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, wata tawaga da ta haɗa da Eiko Fried ta ɗaura wa ɗalibai kusan 800 madaurin Garmin Vivosmart 4 na tsawon wata uku, tana tambayarsu sau huɗu a rana yadda suke ji. Sakamakon da ya fito a 2025 ya nuna kusan babu alaƙa tsakanin makin damuwar na'urar da abin da ɗaliban suka faɗa da bakinsu. A wajen tsawon barci ne na'urar ta fi kusantar abin da suka faɗa.

To ke nan ba su da amfani? Suna da shi, sai dai ba a inda talla ke nunawa ba. Suna gaya maka awa nawa ka yi kana barci, da ƙarfe nawa ka kwanta. Suna gaya maka yawan bugun zuciyarka lokacin hutu, wanda in ya tashi daga inda ya saba na kwana biyu ko uku, to akwai magana. Ni kaina na taɓa ganin nawa ya tashi daga 62 zuwa 71 dare biyu a jere ina jin kaina garau, a rana ta uku zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni. Jiki magayi, in ji Hausawa, kuma na'urar tana taimaka maka ka ji abin da jikin ke faɗa tun yana raɗa. Da wannan idon ya kamata a yi zaɓi.

Fara da wayar da ke hannunka

Wannan tambayar kaɗai tana rage rabin jerin. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone. Agogunan Samsung na Galaxy Watch daga na 4 zuwa sama, da zoben Galaxy Ring, sai da Android, kuma wasu ayyukansu ba sa buɗewa sai a wayar Samsung. Mai Tecno ko Infinix ko itel, wato yawancinmu, ya cire Apple daga lissafi, ya kuma yi tunani sau biyu kafin ya taɓa Samsung. Garmin da Fitbit da Oura da Whoop da Xiaomi da Amazfit duk suna aiki da ɓangarorin biyu.

Ga mai iPhone, akwai abin da nake yaba wa Apple a kai. Agogonsu ba ya ba ka makin damuwa daga kansa. Abin da suka yi a 2023 shi ne suka ƙara wani wuri da za ka shigar da yanayinka da hannunka: ka ja wata alama daga "babu daɗi ko kaɗan" zuwa "da daɗi sosai", ka zaɓi kalmar da ta dace, ka nuna ko iyali ne ko aiki ko kuɗi ya jawo. Bayan makonni sai ka ɗora wannan a kan jadawalin barcinka da motsa jikinka ka ga inda suka haɗu. Wannan ita ce hanyar da ta fi gaskiya, don kai ne ke faɗin labarin zuciyar, na'urar tana faɗin na jiki. Kuma ana iya yin hakan a iPhone ɗin ko babu agogo. Matsalar Apple Watch ita ce batir. Kwana ɗaya yake yi, wani lokaci da ɗan ɗoriya. Wanda yake son ya kwana da shi dole ya samo wani lokaci a kowace rana da zai cire ya sa a caji, a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama.

Fitbit da Garmin

Fitbit ne ya shigo da ma'aunin gumi kasuwar talakawa. A agogon Sense na 2020, sai ka rufe fuskar agogon da tafin hannunka na minti biyu ya auna. A Sense 2 na 2022 ya koma aunawa da kansa duk yini, in ya ga jiki ya zabura sai ya taɓa ka ya tambaye ka yaya kake ji, ka zaɓa da kanka. Siririn madaurinsu na Charge 5 da Charge 6 ma suna da ma'aunin, amma sai ka riƙe gefensa da yatsu. Batirinsu yana yin kwana shida zuwa bakwai.

A takarda, Fitbit ne ya fi kusa da abin da ƙanwata take nema. Amma ina da ja a kai. An gina ma'aunin ne a kan cewa gumi alama ce ta tashin hankali. Ka tuna Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kana cikin A Daidaita Sahu rigarka ta manne a baya. Ka tuna kuma tsakiyar hunturu da fata ke bushewa har ta yi fari. Ma'aunin da ya dogara da damshin fata zai sha wuya kafin ya rabe gumin fargaba da gumin bazara. Ga kuma batun kamfanin kansa: Google ta kammala sayen Fitbit a Janairun 2021 a kan dala biliyan 2.1, yanzu sai da asusun Google ake shiga, a 2023 kuma ta daina sayar da kayan Fitbit a ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu. In ya lalace a hannunka a nan, babu inda za ka kai ƙara. Wasu bayanai masu zurfi kuma an kulle su sai ka biya kusan dala 10 a wata.

Garmin ba ya auna gumi. Da tazarar bugun zuciya yake aiki, da lissafin wani kamfanin Finland mai suna Firstbeat Analytics da ya saya a 2020. Yana ba da maki daga 0 zuwa 100: zuwa 25 hutu ne, zuwa 50 ƙaramar damuwa, zuwa 75 matsakaiciya, abin da ya haura haka kuma babba. Na riga na faɗi abin da binciken Leiden ya gano game da wannan makin. Abin da ya fi amfani a Garmin shi ne wanda suka sa wa suna Body Battery, wato batirin jiki: barci mai kyau yana cika shi, hidimar yini tana zuƙe shi. Ga mutumin da bai iya cewa "na gaji" ba, wanda zai tashi daga ofis ya wuce ɗaurin aure ya wuce gaisuwa ya wuce majalisa, ganin batirinsa a 12 da la'asar yana iya sa ya koma gida.

Ƙarfin Garmin a wajenmu abu biyu ne. Na farko batir: ƙaramin madaurinsu yana yin mako, agogunan 'yan gudu suna kai mako biyu, akwai ma masu ƙara caji da hasken rana, abin da ba mu rasa ba. Na biyu, manyan bayanan duk kyauta suke a manhaja, ba sai ka biya kuɗin wata ba. Rauninsa tsada, da kuma cewa manhajar cike take da lissafin 'yan wasa da zai iya rikita wanda barci kawai ya dame shi.

Zoben da ta gani a talla

Zoben Oura daga garin Oulu na ƙasar Finland ya fito, kamfanin an kafa shi a 2013. Na huɗu a jerin ya fito a Oktoban 2024 a kan dala 349 zuwa sama, batirinsa yana kai kusan mako. Ba shi da fuska, ba ya ƙara, ba ya nuna saƙo. Sai ka buɗe waya da safe ka ga labarin darenka.

Idan barci ne damuwarka, zobe ya fi agogo daɗin kwana da shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don na'urar da aka cire aka ajiye a gefen gado ba ta auna komai. Akwai wani fifikon da ya shafe mu kai tsaye. Sinadarin da ke sa fatarmu ta yi duhu shi ma yana shanye haske, musamman kore. Agogo a bayan tsintsiyar hannu yake zama, inda fatar ta fi duhu, ga gashi, ga ƙashi. Zobe kuwa ta cikin yatsa yake karantawa, ɓangaren tafin hannu, inda fatar ta fi haske, jijiyoyin jini kuma suna kusa.

Batun launin fata ya cancanci a tsaya a kansa. A Disambar 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka wallafa cewa na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar da ke jininsa ta kasa gano ƙarancin iska a kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata, a na fararen fata kuwa kashi 3.6, sama da ninki uku ke nan. Wannan na'urar asibiti ce, kuma awon iska ne. A ɗaya ɓangaren, wani bincike a Jami'ar Duke a shekarar, a kan mutum 53, bai ga bambancin a zo a gani ba wajen ƙirga bugun zuciya tsakanin launukan fata, sai dai ya ga kuskure yana ƙaruwa idan mutum yana motsi. Abin da na ɗauka daga biyun: ka yarda da bugun da aka auna kana barci, ka yi taka-tsantsan da wanda aka auna kana tafiya, kada kuma ka yanke wani hukunci na lafiya da awon iskar da agogo ko zobe ya nuna maka.

Yanzu ga abin da ya sa ban ce ta sayi zoben ba. Oura yana son dala 5.99 duk wata, in ka daina biya sai ya bar ka da 'yan makin sama-sama. Lissafa wannan da Naira har shekara uku, ka ƙara da wahalar samun katin da zai wuce a biyan kuɗin waje. Sannan zobe ba ya da maɓallin da za a sassauta. Kamfanin kan fara aiko da zobban roba na gwaji ka kwana da su ka zaɓi lambarka. Wanda ya ba ɗan'uwa saƙo daga Dubai ko Landan ya sayo masa da ka, zai iya samun kansa da zoben da ke juyawa a yatsa ko wanda ke matse shi in zafi ya kumbura hannu. Zoben Samsung, da ya fito a Yulin 2024 a kan dala 399, ba ya karɓar kuɗin wata, amma batun awon yatsa yana nan.

Ga mata akwai lalle. Kamfanin Apple da kansa ya faɗa cewa zanen tawada a fata yana iya tare hasken ma'aunin. Baƙin lalle mai kauri a daidai inda ma'aunin ke zama abin lura ne, a yatsa ko a tsintsiyar hannu, don haka in an yi ƙunshin biki kuma lambobi suka rikice na 'yan kwanaki, kada a tsorata. Ga kuma aikin gida: wanke-wanke, kwaɓa fulawa, tuƙa tuwo, duk suna goge zobe suna cusa masa datti. Ga maza kuwa, waɗannan zobban da ƙarfen titaniyam ake yin su, wasu a shafe da launin zinare. Malaman fiƙihu suna da magana a kan zoben da ba na azurfa ba ga namiji, don haka a tambayi malami kafin a biya kuɗi.

Alwala ta shafi kowa. Ruwa ba ya lalata manyan na'urorin nan, amma agogo yana zaune ne a inda dole ruwa ya taɓa, sau biyar a rana. Ni nakan kwance nawa in sa a aljihu, kuma na koyi in bar hannun ya bushe kafin in mayar, don damshin da ke maƙalewa ƙarƙashin madaurin roba yana jawo ƙuraje da ƙaiƙayi. Ka nemi madaurin da ake kwancewa da hannu ɗaya cikin sauƙi.

Whoop ba zan daɗe a kansa ba. Madauri ne marar fuska daga Boston, wanda Cristiano Ronaldo ke yi wa talla. Ba a sayensa, hayarsa ake yi, daga dala 199 a shekara a tsarin 2025, ranar da ka daina biya kuma ya zama ƙyalle. An yi shi ne don ɗan wasan da ke son sanin ko jikinsa ya warware daga atisayen jiya. In ba kai ba ne wannan, wuce.

Masu sauƙin kuɗi, da waɗanda za a guje wa

Nan ne yawancinmu za mu tsaya, kuma babu abin kunya a ciki. Siraran madauran Xiaomi da Huawei da Amazfit suna ƙirga bugun zuciya dare da rana, suna auna tsawon barci, suna ba da makin damuwa, batirinsu yana yin mako biyu ko kusa da haka, babu kuɗin wata, farashinsu kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na zoben Oura ba. In ka kunna awon damuwa na duk yini batirin zai ragu, amma duk da haka zai fi mako. Oraimo, ɗan gida ɗaya da Tecno da Infinix a ƙarƙashin Transsion, shi ne ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu, kuma in ya samu matsala akwai inda za a mayar. Waɗannan ba su kai manyan ba wajen rabe zurfin barci da sama-samansa, amma ko manyan ma hasashe suke yi a nan, don ainihin matakan barci da igiyoyin ƙwaƙwalwa ake gane su a ɗakin gwaji. Abubuwa biyun da na ce su ne masu amfani, tsawon barci da bugun hutu, ƙaramin madauri na kamfani sananne yana kawo su.

Waɗanda nake roƙon kowa ya guje wa su ne marasa suna, masu kama da Apple Watch a kwali, da ake cewa suna auna hawan jini da suga da komai. Na taɓa ɗaukar irinsu a wani shago, na kwantar da shi a kan kwalinsa, babu hannu babu fata, ya nuna min bugu 76 da hawan jini lafiya lau. Ka yi wannan gwajin a gaban mai shago kafin ka biya. A Fabrairun 2024 FDA ta fitar da gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke da'awar auna sugan jini ba tare da huda fata ba. Mai ciwon suga ko hawan jini da ya rage magani saboda lambar da irin wannan abu ya nuna masa yana wasa da ransa ne, kuma iyayenmu ne aka fi yi wa wannan tallan.

Akwai abin da duk na'urorin suka yi tarayya a kai, mai tsada da mai araha: an tsara su ne da tunanin mutumin da zai kwanta sau ɗaya ya tashi sau ɗaya. Mu kuwa muna tashi Asuba, wasu su koma, wasu su yi ƙailula bayan Azahar. Da azumi kuma ga sahur, ga tahajjud a goman ƙarshe. Wata na'urar za ta yanke barcinka a Asuba ta manta da wanda ka ƙara, ta ba ka maki kaɗan. Kafin ka saya, tambayi wanda ke amfani da irinta ko tana haɗa barcin rana da na bayan Asuba a lissafi. Goro da shayi mai kauri da daddare su ma suna ɗaga bugu, na'urar kuma za ta rubuta su a matsayin damuwa.

Sai batun inda bayananka ke tafiya. Lokacin kwanciyarka, bugun zuciyarka, kwanakin al'adar mace, duk suna tafiya kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. A Janairun 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta tona wuraren sansanonin soja, saboda sojoji suna gudu da na'urorinsu a kunne. A 2020 Amazon ta fito da madaurin Halo mai sauraron muryar mutum don ya faɗi yanayinsa, a 2023 ta rufe shirin, madauran da ke hannun mutane suka daina aiki. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, amma bin haƙƙinka a wajen kamfanin da ba shi da ofis a ƙasar ba abu ne mai sauƙi ba. Kashe wurin da ke nuna inda kake in ba ka buƙata, kuma kada ka ba manhajar agogo marar suna izinin shiga lambobin wayarka da saƙonninka.

Abin da na gaya mata

Na je gidanta ranar Asabar, muka zauna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ce mata ta bar zoben. Mai kuɗin da bai damu da biyan wata-wata ba, wanda barci kaɗai yake son bibiya kuma ba ya son abu a tsintsiyar hannu, zobe ya dace da shi. Mai motsa jiki sosai da ke son abin da zai yi shekaru, Garmin. Mai iPhone da wutar sola a gida, Apple Watch. Ita kuwa, da wayarta Infinix da albashin koyarwa, ƙaramin madauri na kamfani sananne ya ishe ta, sauran kuɗin ta mayar cikin jarinta.

Sai na ƙara mata da sharaɗi. Ta samu ƙaramin littafi, kowane dare bayan Isha ta rubuta layi biyu: yau yaya na ji, me ya faru. Kada ta duba makin damuwa da rana ko kaɗan. Ranar Juma'a kawai za ta buɗe manhajar ta ɗora awannin barcinta a kan abin da ta rubuta. Na ja mata kunne a kan wannan ne don tun 2017 likitocin barci a Amurka suka yi rubutu a kan mutanen da neman cikakken makin barci ya zame musu sabon abin da ke hana su barci. Mai yawan fargaba, wanda in ya ga lamba ta yi ja sai gabansa ya faɗi ya yi ta dubawa, gara ya haƙura da na'urar baki ɗaya ya riƙe littafin.

Ta ce, "To Yaya, in na yi duk wannan kuma abin bai sake ni ba fa?"

Na ce mata ba sai ta jira na'ura ta ba ta izini ba. In rashin barcin da ƙuncin suka wuce mako biyu, ko ta daina jin daɗin abin da ta saba jin daɗinsa, ko abinci ya fita ranta, ko wani mugun tunani game da rayuwarta ya fara zuwa mata, to likita za mu gani, ko madaurin yana nuna kore ko ja. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Na ce in ranar ta zo ni zan kai ta da kaina, ta tafi da littafin nata, don shi likitan zai fi son gani.

Ta yi shiru tana juya shinkafar a faranti, sannan ta ce tun rasuwar kawu ba ta ƙara yin barcin kirki ba, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Muka daɗe a nan muna maganarsa har aka kira Magariba. Madaurin ta saye shi ranar Litinin, littafin kuwa a daren ta fara, da wani tsohon littafin darasi da ta yage shafukan farkonsa.